Tseren titi na farko: mako 12 za su ishe ni kilomita 10?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekaruna 36, kuma rabona da gudu tun ina sakandare. Abokai ne suka zuga ni na yi rajistar tseren kilomita 10 da za a yi nan da mako 12. Na fara fita kullum da safe, amma ko minti biyar ba na yi sai haki ya tsayar da ni, ga shi yanzu ƙwaurina ya fara ciwo. In ci gaba ne ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka haƙura, amma yadda kake yi ɗin nan ka dakatar da shi. Hakin da ciwon ƙwaurin duk tushensu ɗaya: saurinka ya yi yawa, kuma ba ka barin jiki ya huta.

Akwai abin da sabon ɗan gudu ya kamata ya sani tun farko. Zuciya da tsoka suna sabawa da aiki cikin 'yan makonni, amma ƙashi da agara sai an yi watanni, domin gyaransu a hankali yake tafiya. Kwalta kuwa ba ta sassauci, kowane taku ƙafarka tana ɗaukar nauyin da ya ninka na jikinka sau biyu ko fiye. Shi ya sa mutum zai ji numfashinsa ya gyaru, ya ƙara wuta, ƙafa kuma ta ce ba ta san zancen ba. Saboda haka ka ajiye gudu na wasu kwanaki, ka yi tafiyar ƙafa kawai har ciwon ya lafa. Idan ciwon a wuri ɗaya yake, wanda za ka iya nunawa da yatsa a kan ƙashi, ko yana damunka ko kana zaune, ka ga likita, don tsagewar ƙashi da haka take farawa. Haka nan in kana da hawan jini, ciwon suga, asma, sikila ko wata matsalar zuciya, likita ne zai fara ba ka izini kafin ni.

Idan ka dawo, kwana uku a mako sun isa, da ranar hutu a tsakani. Ka haɗa sassarfa da tafiya: bayan tafiyar minti biyar ta ɗumama jiki, ka yi sassarfar minti ɗaya, ka taka na minti ɗaya da rabi, ka maimaita har minti 20. Da haka shirin koya wa sababbi gudu mai suna Couch to 5K yake farawa, wanda Josh Clark ya tsara a 1996, hukumar lafiya ta Birtaniya kuma take tallata shi, yana kai mutum ga gudun minti 30 ba tsayawa cikin mako tara. Duk makon da ya yi maka nauyi, ka maimaita shi, babu wanda yake riƙe da rajista.

Yaya za ka san saurin ya yi daidai? Ka yi magana. In za ka iya faɗar jimla cikakkiya kana gudu, kana kan hanya. In kalma ɗaya-ɗaya ke fita, ka rage. Mutane da yawa kunya ce ke hana su, suna ganin masu wucewa za su ce wannan ai tafiya ta fi shi sauri. Su faɗa. Manyan 'yan gudun fanfalaki na Kenya da Habasha ma mafi yawan atisayensu a irin wannan sauƙin suke yin sa, gudun ƙure ƙarfi kaɗan ne a makonsu. Kai a wannan matakin ba ka bukatar gudun ƙure ƙarfi ko kaɗan.

Yanzu ga gaskiyar lissafin. Mako 12 ba lallai su kai ka ga gudun kilomita 10 ba tsayawa ba, amma za su kai ka ga gamawa lafiya in ka yarda ka riƙa sa tafiya a ciki. Wannan ba ragwanci ba ne. Jeff Galloway, wanda ya wakilci Amurka a gasar Olamfik ta 1972, a kan wannan salon ya gina koyarwarsa. Daga mako na shida ka ware fita ɗaya a mako ka riƙa tsawaita ta kaɗan-kaɗan, har ta kai kamar kilomita takwas saura mako biyu a yi tseren. In kana cin kilomita ɗaya a minti takwas, za ka gama a awa ɗaya da minti 20, don haka ka duba ko masu shiryawa sun sa lokacin rufe hanya. In suna da rukunin kilomita biyar kuma suna barin a sauya, ni da shi zan fara, amma zaɓi naka ne.

Batun takalmi ba ya bukatar dogon bayani. Ka nemi na gudu wanda ƙafarka ta sake a ciki, da sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba, don ƙafa tana kumbura in an daɗe ana gudu. Tsada ba ita ce ma'auni ba. Ka fara sa shi tun yanzu.

Makon ƙarshe na rage aiki ne. Fita biyu gajeru sun wadatar, abin da ba ka samu a mako 11 ba, kwana bakwai ba za su ba ka shi ba, gajiya kawai za su ƙara maka. Ranar tsere kuma dokar ɗaya ce: kada ka gwada sabon abu, ko takalmi, ko safa, ko riga, ko abinci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ci abu mara nauyi wanda cikinka ya saba da shi, awa biyu zuwa uku kafin a tashi. Cika ciki da dare da ake cewa 'yan gudu suna yi, na masu gudun da ya wuce minti 90 ne. Ruwa ka sha gwargwadon ƙishirwa, kada ka ɗura don tsoro, domin yawansa yana tsinka gishirin jini, kuma hakan yana da haɗari.

Ka isa da wuri, ka maƙala lambarka a gaban riga, ka tsaya can baya. A yawancin manyan tsere lambar tana ɗauke da 'yar na'ura da ke fara ƙirga lokacinka sai ka taka layin farawa, ba ka yi asarar komai ba. Nan ne kuma tarkon yake: ana busa usur jama'a za su zabura, jikinka zai ce ka bi su. Kada ka bi. Kilomita biyu na farko ka yi su a hankali har ka ji kamar kana wasa, ka fara sa tafiyarka tun ba ka gaji ba. Da yawa daga waɗanda suka wuce ka da gudu za ka tarar da su a kilomita na bakwai riƙe da ƙugu.

In ka ji ciwon ƙirji, jiri, ruɗewa, ko sanyi yana kama ka cikin zafi, ka tsaya nan take ka nemi ma'aikatan lafiya. Bayan ka tsallake layi kuma kada ka zube ƙasa, ka ci gaba da takawa na minti goma. Ciwon cinya ya fi tsananta a kwana na biyu, ka ba shi kwana uku ko huɗu kafin ka sake ɗaura takalmi.