Amsa ga ƙanina mai son zuwa Kanada saran matattun bishiyoyi

Salam ƙanina, ya gida, ya su Inna, ya ƙarfin jikin Baba. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, muna daji ne inda babu sabis shi ya sa ka ji ni shiru, kuma maganar taka ba ta layi biyu ba ce. Ka ce wani ejan ya nuna maka bidiyo wai ƙwaro ya kashe miliyoyin bishiyoyi a Kanada, gwamnati na neman masu sarewa ido rufe, kuma tunda ka yi karatun gandun daji a Jos to biza kamar tana aljihunka, har ana maganar a sayar da gonar fadama a biya shi. Don girman Allah a dakata da maganar gonar nan tukuna.

Zancen ƙwaro gaskiya ne, ba ƙirƙira ya yi ba, sai dai labarin ya kai shekara ashirin da tsufa. Garin da nake zaune, Prince George, a tsakiyar lardin Birtish Kolombiya yake, kusan kilomita 800 arewa da Vancouver, kuma nan ne abin ya fi yin ɓarna. Ƙwaron nan bai fi ƙwayar shinkafa ba wallahi. Macen ce ke huda ɓawon wata bishiyar katako da ake kira fayin ta shiga, ta saki wani wari da ke kiran 'yan'uwanta, bishiyar ta yi ta fitar da ƙaro don ta tunkuɗo su waje amma in suka yi mata taron dangi sai ƙaron ya ƙare, su yi ƙwai a ciki tsutsotsi su cinye ƙarƙashin ɓawon, ga kuma wata fumfuna da suke shigowa da ita mai toshe hanyar ruwa, ita ce ke rina katakon ya yi shuɗi-shuɗi. Shekara na zagayowa ganyen ya koma ja, daga baya ya zube bishiyar ta tsaya ruwan toka tsirara. Ka hau tudu ka duba iya ganinka, babu kore.

Kuma ƙwaron ba baƙo ba ne, ɗan ƙasa ne, da can sanyi ke riƙe shi, in hunturu ya kai wajen 40 ƙasa da sifili tsutsotsin mutuwa suke. Sai aka jera shekaru sanyin bai kai haka ba, ga shi an daɗe ana kashe gobarar daji da wuri har tsofaffin bishiyoyi suka cika ko'ina, su ne kuma abincinsa. Daga ƙarshen shekarun 1990 abin ya ɓalle, ya kai ƙololuwa wajen 2005, a 2006 iska ta kwashe su ta tsallakar da su duwatsun Rocky zuwa lardin Alberta. Dajin da ya taɓa ya haura hekta miliyan 18, ka ƙaddara jihar Kano sau tara, kuma kusan rabin fayin ɗin da ake iya yin katako da shi a lardin ya mutu.

To a nan kusan kashi 94 cikin 100 na ƙasar lardin ta gwamnati ce, kamar dai gandun daji a gida, kamfani lasisi yake karɓa ya sara ya biya gwamnati kuɗi kan kowace kubik mita. Da aka ga dukiya za ta ruɓe a tsaye sai aka ɗaga adadin da aka yarda a sara duk shekara, mataccen icen da ya lalace sosai har santi 25, wato kwatan dalar Kanada, ake biya kan kubik mita, kamfanonin katako suka shiga aiki dare da rana, tireloli ba sa yankewa a hanyar garuruwan Quesnel da Vanderhoof. Wannan zamanin ne ejan ɗinka yake sayar maka. An yi shi, an sami kuɗi, har da rayuka ya ci, don busasshen icen nan garinsa laushi gare shi kamar fulawa kuma in ya taru a rufaffen wuri tartsatsi ɗaya ya isa. A 2012 masana'antar katako ta fashe a garin Burns Lake a watan Janairu, wata ta fashe a nan Prince George a Afrilu, mutum huɗu suka rasu, har yau mutanen garin nan ba su manta ba.

Yanzu fa? Mataccen ice ba ya jiran kowa, ya tsattsage, wani ya faɗi ya ruɓe, wani kuma wuta ta cinye a gobarar 2017 da 2018 da 2023. An rage adadin sara, tun 2019 masana'antu ke rufewa ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabcina ya yi sama da shekara ashirin a kamfanin katako, yanzu tuƙin mota yake. In irinsa na neman aiki, wa zai aiko a ɗauko ka daga Kano? Sannan ka cire hoton mutum da zarto a kafaɗa daga ranka, inji ne ke saran, mutum ɗaya a ciki ya cafke bishiya ya datse ya ajiye cikin daƙiƙoƙi, wani injin ya ja wani ya yanyanka, kuma ba a ba baƙo irin wannan injin ranar da ya sauka.

Akwai abin da ke ci mini rai a aikin nan kuma gara ka ji shi tunda fanninka ne. Sunan abin ceto matattun bishiyoyi, amma inji in ya shiga daji ba ya tsince, har masu rai da ƙwaron bai ko kalla ba an kwashe, an bar filaye fetal manya-manya. Na sha shiga inda aka bari ba a sara ba, sama toka ce amma ƙasa ka ga ƙananan bishiyoyi sun taso sun fi tsayina don rana ta samu hanya, tsuntsaye na huda matattun suna sheƙa. Ka tsallaka hanya inda aka share kuma sai kututture da sawun taya, ƙanƙara ta narke da wuri ruwa ya kwararo rafi lokaci ɗaya, hanyoyin da aka fasa kuma suka sauƙaƙa wa kyarkeci farautar wata irin barewa da ake kira karibu wadda dama ta kusa ƙarewa. 'Yan asalin ƙasar da ke farauta da kamun kifi a wuraren nan su suka fi jin jiki. Ban ce kar a sara ko ɗaya ba, garin da masana'anta ɗaya ke ciyar da shi ba za ka ce ya zuba ido abincinsa na ruɓewa ba, amma an wuce gona da iri, an ci rabon 'ya'ya tun yau, shi ya sa yanzu babu icen.

Aikin da ya rage shi ne gyaran abin da aka bari. Ana dasa bishiyoyi sama da miliyan 200 duk shekara a lardin nan, daga Mayu zuwa wajen Agusta, da shebur da jaka a ƙugu, kwana a tanti, sauro kamar hadari, kuma kan kowane dashe ake biya ba kan awa ba. Akwai irin nawa, zagayawa ana auna ko dashen ya kama, akwai zana taswira da kwamfuta da hoton tauraron ɗan'adam, akwai harkar gobara. Duk waɗannan sai kana cikin ƙasar da takardun aiki, kuma kafin ka sa hannu a matsayin ƙwararren jami'in daji sai ka yi rajista da hukumarsu a nan, takardar gida kaɗai ba ta isa.

In da gaske kake to hanyar karatu ce, ita na biyo. Akwai jami'ar UNBC a garin nan, akwai UBC a Vancouver, duka suna da ƙarfi a fannin daji. Ka shiga shafinsu ka duba malaman da ke bincike kan ƙwari ko gobara ko dashe, ka karanta abin da suka rubuta, ka tura musu imel da kanka, mai kuɗin bincike shi ke ɗaukar ɗalibin mastas ya riƙa ba shi alawus, babu ejan a tsakani. Ka sani kuma tun 2024 an ƙayyade yawan bizar ɗalibai, kuɗin da za ka nuna na zama ya tashi daga dalar Kanada 10,000 zuwa sama da 20,000 ban da kuɗin makaranta, aiki a waje kuma awa 24 a sati lokacin karatu, ba zai biya maka makaranta ba.

Ka turo mini sakamakonka da furojet ɗin da ka yi kan dashen darbejiya in duba, mu gyara wasiƙar tare. Ka ce wa Baba zan kira shi ranar Juma'a bayan an sauko masallaci a kan maganar gonar, kar a karɓi kuɗin kowa kafin nan.