Ɗan majalisarmu ko rijiya bai gina ba, shin akwai amfanin in sake yin zaɓensu?

Tambaya: Malam, ni mazaunin Kano ne. Tun da muka zaɓi ɗan majalisar jiha na mazaɓarmu bai gina mana ko rijiya ba, bai samar wa yaranmu aiki ba, waya ma ba ya ɗauka. Abin ya dame ni har ina tunanin in zaɓi gwamna kawai in dawo gida. Shin majalisar nan tana da wani amfani?

Amsa: Malam, na fahimci damuwarka, amma ma'aunin da ka ɗauko shi ne ciwon da ke cin majalisun jihohinmu. Kusan kullum sai wani ya zo mini da wannan magana: wane mutumin kirki ne, ya raba shinkafa da azumi, wane kuma marowaci ne. Ba don rabon shinkafa tsarin mulkin 1999 ya kafa majalisa ba. Majalisar Kano kujera 40 gare ta, iyakar abin da sashe na 91 ya yarda wa kowace jiha, kuma mutum 40 ɗin nan su ne masu amincewa da kasafin kuɗi. Ba a taɓa asusun jiha sai da dokar da suka zartar. Su ke tantance kwamishinoni, sassa na 128 da 129 sun ba su ikon kiran jami'in gwamnati ya zo ya yi bayanin inda kuɗi suka shiga, kuma idan gwamna ya ƙi sa hannu a doka, kashi biyu bisa uku na 'yan majalisa suna iya zartar da ita ba tare da shi ba.

To ka duba abin da ke faruwa idan muka mai da ɗan majalisa ɗan kwangilar rijiya. Albashinsa ba zai ishi buƙatun mazaɓa guda ba. Ina zai samo kuɗin ragon suna, da kuɗin asibiti, da babura na 'yan jagaliya? Sai ya tafi gidan gwamnati. Wanda kuwa ya saba miƙa hannu a can, ba zai iya ɗaga murya ranar da aka kawo kasafi ba. Mu da kanmu muka tura shi, sannan mu dawo muna cewa majalisa ta zama 'yar amshin shata. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne sojojin baka da ke shiga rediyo da daddare suna lissafa wa jama'a buhunan da ubangidansu ya raba, ba wanda zai ce ga ƙudirin da ya kawo, ko ga tambayar da ya yi wa ma'aikatar lafiya kan asibitin da aka sa wa kuɗi shekara da shekaru ba a gama ba. Rijiyar da kake nema, Malam, a cikin kasafi ya kamata ta fito, ma'aikata ta gina ta, shi kuma ya bi sawu ya tabbatar an gina. A kan wannan za ka tuhume shi.

Tarihi ma ya nuna majalisa tana da haƙora. A 1979 Balarabe Musa ya ci gwamnan Kaduna a PRP, amma NPN ke da rinjaye a majalisa. Suka ƙi amincewa da kwamishinoninsa, a watan Yunin 1981 suka tsige shi, gwamna na farko da aka tsige a Najeriya. A nan Kano, majalisa ce ta yi dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi, Gaya, Ƙaraye da Rano a 2019, lokacin da APC ke da rinjaye. Bayan NNPP ta karɓi rinjaye a zaɓen 2023, majalisar ce dai ta soke dokar a watan Mayun 2024. Ko wane ɓangare kake goyon baya, ka ga ƙuri'ar da kake shirin bari ita ce ta taɓa har gidan Dabo. Gyaran tsarin mulkin ƙasa ma ba ya tabbata sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince.

Da yake rana ɗaya ake zaɓen gwamna da na 'yan majalisar jiha, al'adar "sak" ta sa mutane da yawa suna dangwala wa jam'iyya ba su ko san sunan ɗan takarar ba. Ta haka mutanen da ba su taɓa karanta takardar kasafi ba suke samun kujera a inuwar gwamna.

Rashin ɗaukar waya kuwa laifi ne na gaske, domin wakili ne. Ku haɗu ta ƙungiyar unguwa ku rubuta masa takarda, ku aika kwafi ofishin akawun majalisa, ku nemi sanin abin da aka ware wa mazaɓarku a kasafin bana. Sashe na 110 ya tanadi kiranye, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, sannan INEC ta shirya ƙuri'ar raba gardama, abu ne mai wuyar gaske. Mafi sauƙi shi ne ka riƙe katinka, ranar zaɓe ka karɓi takarda ta biyu, ka san wanda kake dangwala wa.