Amsa ga mai fama da maruru wata biyar

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce wata biyar ke nan maruru na fito maka a hammata da mazaunai, wannan na fashewa wani na tasowa, kana neman sunan kafso mai ƙarfi. Sannu, Allah ya ba ka lafiya. Ni ba likita ba ne, atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari, amma abin nan ya taɓa hana ni zama a shago, sai dai in tsaya ko in kishingiɗa a kan dila.

Da farko ni ma kemis na nufa. Ampiclox na sha ya fi a ƙirga, in ɗan samu sauƙi in ajiye. Har buɗe kafson nake yi in barbaɗa garin a kan ciwon, wai ya bushe. Ga masu cewa dattin ciki ne, a sha sabara, ga masu cewa mangwaro ne don lokacin bazara ne. Duk na bi. Sai da na cinya ya kumbura, kaluluwa ta fito, zazzaɓi ya rufe ni, sannan ƙanena ya ɗauke ni zuwa Asibitin Murtala.

Abin da likitan ya fahimtar da ni shi ne, mugunya ba dattin ciki ba ce. Ƙwayar cuta ce sanadinta, yawanci wadda suke kira sitaf, da ke zaune a fata da cikin hancin mutane da yawa ba ta yi musu komai. In ta samu ƙofa, ko gindin gashi ko wurin da reza ta yanka, sai ta shiga. Jiki ya turo fararen ƙwayoyin jini su yaƙe ta, gawarwakinsu da na ƙwayar cutar su ne ruwan nan mai kauri. In mugunyar ta taru ta yi jaka, magani ba ya ratsa ta sosai, sai an tsaga an fitar. Haka aka yi mini, aka ɗebi mugunyar aka kai gwaji don a san maganin da zai kashe ƙwayar cutar, domin wasu sun daina jin irin wanda muke sha barkatai.

Amma inda na fi so ka kula: ya sa na yi gwajin suga. Na yi musu, na ce ni ko shayi ba na cika wa sukari. Ashe ya hau sosai, shi ke kassara garkuwar jikina. Ga yawan fitsarin dare da ƙishirwa, ni kuwa ina ɗora wa zafin Kano laifi. Tun da na kama maganin suga, maruru ya yi mini sallama. Ba na ce kai ma shi ne ba, amma mai dawowa haka ba a ƙyale shi.

Kafin ka je asibiti, tsoma tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi ka riƙa gasa wurin kamar minti 10, sau uku ko huɗu a rana. Kada ka matse, musamman in ya fito a hanci ko leɓen sama, can yana iya kai cutar cikin kai. Tawul da reza kowa ya riƙe nasa, ni sai da na shafa wa ɗana.

Gwajin suga kuwa da sassafe za ka je, kafin ka karya.