Tsarin gwamnati a hannun malamin aji

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa gwamnati ke fito da tsari mai kyau, amma kafin ya iso ga talaka ya canja kama, ko ƙananan ma'aikata ne ke ɓata shi. Na yi shekara 27 a firamare, na ƙarasa a kujerar hedimasta, bari in faɗi abin da idona ya gani.

Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE, wato ilimin matakin farko ga kowane yaro, a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004: karatun shekara 9 kyauta ne, kuma dole. Madalla. To amma dokar ba ta zo da alli a aljihu ba. Ranar da alli ya ƙare, ko iska ta yaye kwanon aji, hedimasta ne zai zauna da iyayen yara a yanka ɗan abin da kowa zai kawo. Daga nan shi ke yanke wa za a kora gida, wa za a kau da kai. Ni marayu ban taɓa korar su ba. Wani hedimasta maƙwabcina kuwa bulala yake sawa. Doka ɗaya, amma abin da yaro ya tarar ya danganta da wanda ke riƙe da rajista.

Ciyar da ɗalibai da aka fara zamanin Buhari a 2016 ta fi nuna min wannan. Takarda ta ce 'yan aji 1 zuwa 3 kawai, naira 70 kowane yaro. Wanda ya rubuta haka bai taɓa tsayawa da cokali a hannu ba, 'yan aji 4 sun yi cirko-cirko a taga, ga ƙanne da aka goyo daga gida saboda an ji ana rabon abinci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai muka rage awo don ya zagaya. Mai duba makarantu ya zo ya ce mun karya ƙa'ida, kuma gaskiyarsa, mun karya.

Ban ce duk waliyyai ne ba, wallahi. Na san inda aka cika rajista da sunayen yaran da babu su, aka haɗa baki da mai dafawa. Wannan sata ce, ba ta da wani suna.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, da mai tausayi da ɓarawo duk fom iri ɗaya suke cikawa, kowa ya rubuta komai lafiya. Ni kaina haka na riƙa rubutawa, don in ka faɗi gaskiya takardar tuhuma ce za ta biyo baya. Fom ɗin nan shi ke tafiya ƙaramar hukuma, ya wuce jiha, ya isa Abuja, a kansa kuma ake gina tsari na gaba.