Ilhami ne ko hali? Amsar tambaya kan karen nan Buck

Wani ɗalibi daga Zariya ya turo min tambaya, yace an basu littafin Jack London mai suna The Call of the Wild, wato kamar kace Kiran Daji, malaminsu kuma sai maimaita kalmar instinct yake yi, shine yake so ya san me Bahaushe yake ce mata. Ya ƙara da cewa abokinsa yace karin maganar da ta dace da labarin itace "albasa ba ta yi halin ruwa ba", wai haka ne?

Toh bari in ɗan gutsura wa waɗanda basu karanta ba. Littafin ya fito a 1903. Buck ƙaton kare ne ɗan gata a gidan wani alƙali a Kalifoniya, sai wani ma'aikacin lambun gidan da caca ta cinye ya sace shi ya sayar, aka kai shi can arewacin Kanada yankin Yukon lokacin da mutane suka yi ca a kan zinaren Klondike, ana neman karnuka masu ƙarfi da zasu ja kaya a kan ƙanƙara. Shi kansa marubucin ya je wurin a 1897, ya ga abin da idonsa.

Kalmar da ta fi kusa itace ilhami. Daga Larabci muka aro ta, kuma ma'anarta abin da Allah Ya jefa a zuciyar halitta ba tare da wani ya koya mata ba. A Suratun Nahli aya ta 68 inda aka ce Ubangiji Ya yi wahayi ga ƙudan zuma ta riƙi gidaje a duwatsu da itatuwa, malaman tafsiri zasu ce maka wannan wahayin ilhami ne. Kuma duk wanda ya taso a gidan da ake kiwon kaji ya gani, kaza na tsakar gida da ƴan tsakinta da basu fi kwana biyu da ƙyanƙyasa ba, inuwar shaho ta gifta kawai, uwar ta yi wani irin ƙara, kafin ka ƙifta ido duk sun shige ƙarƙashin fiffikenta wasu sun lafe a gindin turmi ko motsi basa yi. Wa ya koya musu? Ilhami kenan.

Amma fa ina roƙonka kar ka ɗauki kalmar nan ka shafa wa duk abin da Buck yayi, nan ne ɗalibai suke kuskure kuma abin yana damuna, don Hausa ta bambance abin da Turancin ajin naku yake neman cuɗewa. Da wani mutum mai jar riga a littafin ya yi ta jibgarsa da kulki har ya daina kai hari, abin da Buck ya samu darasi ne, irin na "kura ta san gidan mai babbar sanda". Daren farko da sanyi ya hana shi barci ya yi ta zagaye sansani, sai da ƙafarsa ta burma ya tarar da wani kare Billee ya tona rami cikin dusar ƙanƙara ya naɗe yana jin ɗumi, sannan shima ya tona nasa. Satar nama ma sai da ya ga wani kare Pike ya yi tukunna, washegari ya kwaikwaya. Wannan duk dabara ce, wuya ce ta koyar da shi, gani ya yi ya ɗauka. Ilhamin yana wajen da ba wanda ya nuna masa, kamar yadda yake ɗaga hanci sama cikin dare ya ja dogon kuka irin na kakanninsa da bai taɓa gani ba, da kiran nan da yake ji daga cikin daji. A nan ma ni na fi son kalmar gado ko jini, a ce jininsa ne ya motsa.

Saboda haka maganar abokinka ta juye. Ana cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba idan ɗa ya ƙi ɗauko halin iyayensa na kirki. Buck kuwa komawa yayi ga asalinsa, don haka "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe" ta fi zama daidai, ko "hali zanen dutse".

Wata baiwar Allah daga Maraɗi kuma ta tambayi kalmar survival. Kalma ɗaya ba ta ɗauke ta, muna cewa tsira da rai, ko ceton kai, kuma yanayin da ake shiga shine "ana ta kai wa yake ta kaya" da "kowa tasa ta fisshe shi". A littafin, wata karya mai suna Curly ta je da fara'a wajen wani kare, ya yage mata fuska, tana faɗuwa ƙasa sauran suka rufar mata. Daga ranar Buck ya ƙudurta ba zai taɓa yarda ya faɗi ba.

A ɗan lura da kalmar kyarkeci da muke fassara wolf da ita, wato dabbobin da Buck ya koma cikinsu a ƙarshen labarin, asalinta sunan karen dajin nan ne na Afirka mai dabbare-dabbare da ke farauta a garke, aron sunan muka yi wa na ƙasashen sanyi.

Wurin da ya fi taɓa ni a littafin shine zamansa da John Thornton, mutumin da ya ƙwace shi a hannun masu neman kashe shi da duka. Dajin yana kiransa, yakan tafi ya yi kwanaki, amma sai ya dawo. Wani zai ce sabo turken wawa, ni ban yarda ba, don ba sabo ne ya ɗaure shi ba, alheri ne, kuma Hausawa sun daɗe da shaidar kare a kan riƙon amana. Bai bi garken ba sai da aka kashe Thornton, bayan haka ma duk shekara yakan sauko kwarin da abin ya faru shi kaɗai, ya zauna jim, ya ja kuka guda ɗaya mai tsawo sannan ya juya.