Bayan motata ya zauna, me zan yi?

Tambaya daga Maradi: Tsohuwar Peugeot 404 ɗina a-kori-kura ta zauna ta baya, hagu ya fi. In canza shokozoba?

Amsa: A'a Malam, shokozoba ba ya ɗaga mota, aikin sifirin ne. Sauke kaya, ka auna tsayin kowane gefe a shimfiɗaɗɗen wuri. Duba ganyen sifirin, wato fallayen ƙarfen da aka jera, ka nemo wanda ya karye, yawanci kusa da ƙusar tsakiya, inda tsatsa ke fitowa ja. Canza gefe biyu tare, har da robobin da ke bakin sifirin. Don Allah kada maƙeri ya gasa ganyen da wuta, ƙarfen zai yi laushi ya sake kwantawa. Sai motar ta sauka ƙasa za a ɗaure ƙusoshin robobin, in ba haka ba su yage.