Mai son kai iyali bakin teku: teku ba tafkin Tabalak ba ne

Assalamu alaikum Malam. Ka ce kana Tawa, kana so ka kai uwargida da yara uku bakin teku a hutun makaranta, ku sha iska ku taka ƙafa, ba wanda ya taɓa ganin teku a cikinku. Ka tambaya Kwatano ko Lome, wane wata, kuma ko yara za su iya wanka. Bari in fara da ta ƙarshe, domin ita ce rai ke ciki.

Kada su shiga. Kai ma kada ka shiga, ko da a Tabalak ka koyi iyo, ko kana ƙetare kogin Isa a Yamai. Gaɓar Benin da Togo gangara gare ta: taku uku ko huɗu, ruwan da ke idon sawunka ya kai maka ƙirji. Igiyar kuma daga can kudancin Atlantika take tasowa, ba tsibiri ba dutse da zai rage mata ƙarfi, sai ta iso ta fashe a kan yashin da kake tsaye. Bugun da take yi ba shi ne abin tsoro ba, komawarta ce. Ruwa na janyewa yana yashe rairayin da ke ƙarƙashin dunduniyarka, ka ji kana nutsewa a tsaye, kafin ka gyara ta biyu ta iso. Babban mutum ma faɗuwa yake, balle yaro ɗan shekara shida.

Akwai wanda ya fi wannan. Ruwan da igiyoyi suka tara a gaɓa yakan nemi ƙofa ɗaya ya koma ta cikinta, yadda ruwan sama ke haɗuwa ya bi ƙorama. Wannan ƙoramar cikin teku ita ke cin mutane, kuma yaudararta ita ce wurin ya fi ko'ina kama da kwanciyar hankali. Dama da hagu igiya na fashewa da farin kumfa, a tsakani ga wani fili mai duhu, shiru, kamar an ce zo ka shiga nan. In ka tsaya a tudu ka ƙura ido minti biyar za ka ga kumfa da shara da jan yashi suna tafiya ciki maimakon su zo gaɓa. Gudunta yakan kai mita 2 a daƙiƙa, wanda gwanin iyo ma ba ya iya ja da shi. Wanda ta ɗauka, kuskurensa shi ne ya juyo ya nufi gaɓa kai tsaye: minti biyu ya gaji, ya fara shan ruwa. Abin yi shi ne ya kwanta rigingine ya bar ruwa ya ɗauke shi, ya ɗaga hannu ɗaya a gan shi, in ƙarfin ya ragu ya yi iyo ta gefe, gabas ko yamma, har ya fita daga ƙoramar, sannan ya bi igiya ya dawo. Ba ta ja ƙasa, ciki take ja, kuma ba ta da faɗi sosai. Wanda ke gaɓa kuma kada ya faɗa ceto, haka ake rasa mutum biyu maimakon ɗaya. Ya jefa abin da ke yawo a kan ruwa, jarka marar komai da marfinta a rufe ta isa, ya ƙwalla wa masunta kira, a buga 118, lambar ƴan kwana-kwana a Benin da Togo. Kusa da duwatsun da aka jera cikin ruwa don tsare gaɓa daga zaizaya, kamar na gabashin Kwatano wajen Akpakpa, wannan ƙorama kusan kullum tana nan. Kada yara su hau su, santsi gare su.

Maganar tufafi ba a cika faɗa wa mutanenmu ba. Hijabi, zane, jallabiya, babbar riga, in suka jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa. Uwargida in tana so ta taɓa ruwa, ta tsaya inda harshen igiya ke ƙarewa, ruwa ya shafi tafin ƙafa ya koma, shi ke nan. Yaro ɗaya, babba ɗaya, hannu cikin hannu, fuska na kallon teku. Ba a ba teku baya, musamman lokacin ɗaukar hoto, domin bayan ƙananan igiyoyi da yawa sai babba ta zo ta wuce inda sauran suka tsaya da mita da dama. Tif ɗin mota ko balan-balan ɗin wanka na yara kuwa, a bar su a kasuwa: iska da ruwa ciki suke tura su. In yara sun matsa sai sun yi wanka, a biya kuɗin shiga kwamin wanka na otal, ɓangaren yara, kai kana zaune a baki.

To, Kwatano ko Lome? A ganina, ga mai iyali da ya zo don tafiya da hutawa, Benin ta fi ba da zaɓi. A cikin Kwatano akwai Fijirose, bayan filin jirgin sama, yashi mai faɗi da rumfuna da masu sayar da kwakwa. Asabar da Lahadi da yamma cika take maƙil, da kiɗa da masu ƙwallo, don haka ku je ranar aiki. Daga nan hanyar masunta, wadda suke kira Route des Pêches, ta miƙe yamma kusan kilomita 40 har Wida, teku a gefe guda, fadamar ruwa a ɗaya gefen, bishiyoyin kwakwa a jere. Kana nisa da gari, yashi na ƙara tsabta, mutane na raguwa. A Wida akwai ƙofar tunawa da bayin da aka loda a jiragen ruwa, wadda aka gina a 1995 a bakin teku, ƙarshen wata hanya mai kusan kilomita 4 daga cikin gari. Yaro ɗan makaranta da ya karanta cinikin bayi a littafi, nan zai gane abin da ake nufi. Sai dai ku kauce wa wajen 10 ga Janairu, lokacin bikin bodun, addinin gargajiyar ƙasar: gari na cika, masauki na tsada, kuma ba irin taron da ka zo nema ba ne. Wanda ke son shiru na gaske ya wuce Gran-Popo, kilomita 80 da ɗoriya daga Kwatano, kusa da iyakar Togo. Can ne kogin Mono ke shiga teku, ana shiga kwalekwale a kan kogin a je a ga mahaɗar. Kogin lafau yake, amma bakin mahaɗar ba wurin wasa ba ne, kuma kada ku hau sai an ba kowa rigar ceto. Da yamma cikin Kwatano, filin gunkin Amazon, wata mace mayaƙiya, mai tsawon mita 30, wanda aka buɗe a Yulin 2022, wurin zagayawa ne mai kyau da yara. Fadar shugaban ƙasa na daura da shi, kada ka juya waya wajenta.

Lome, kusan kilomita 150 daga Kwatano ta iyakar Hilakonji, ita teku a ƙofar gidanta yake: babban titi na bin gaɓa, ka sauka daga taksi ka taka yashi. Illarta, wasu sassan cikin gari magudanan ruwa na zuba a wurin, ga shara. Wuraren da suka fi kyau suna gabas, bayan tashar jiragen ruwa, hanyar Aneho. Ka tuna agogon Togo yana bayan namu da awa ɗaya, na Benin kuwa daidai yake da na Nijar.

Wata: ɗauki hutun ƙarshen Disamba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ba ruwan sama sosai, teku ya fi sauƙi, buji na sauka har can ya rage gumi. Babbar damina a gaɓar daga Afrilu take zuwa Yuli, Yuni ya fi kowane wata ruwa, unguwannin Kwatano na cika da ruwa. Agusta akwai sanyi-sanyi da hadari, ruwan sama kaɗan, tafiya da daɗi, amma a tsakanin Yuli da Satumba ne teku ya fi fushi. In babban hutu kaɗai kake da shi, ku je a Agusta, ku tsaya nesa da ruwa fiye da yadda na faɗa.

Kada ma'aunin zafi ya ruɗe ka. Za ka ga digiri 30 ko 31 ka ce ai mu da muke ganin 44 a bazara wannan wasa ne. Zafin Adar busasshe ne, zufa na fitowa tana bushewa. Can iska cike take da danshi, zufa ba ta bushewa, jiki ba ya hucewa. Babba ya tanadi lita 2 zuwa 3 na ruwan gora a yini, yara a riƙa ba su ko ba su nema ba. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 yashi na ƙona tafin ƙafa, lokacin zama ne a rumfa. Lokacin tafiya biyu ne: bayan asuba zuwa ƙarfe 9, da bayan la'asar zuwa faɗuwar rana. Na safe ya fi, domin a nan za ku iske masunta sun yi dogon layi suna jan igiyar koma da waƙa, aikin da kan ci awoyi, mata na jira da kwanoni. Ka nemi izini kafin hoto. In rana ta faɗi, a Kwatano tsakanin 6 da rabi da 7 da ƴan mintoci gwargwadon wata, duhu ba ya jira, kuma yashin da ba kowa bayan magariba wurin masu ƙwacen waya ne. Ku tashi da sauran haske.

Ita kanta tafiyar akwai dabara. Teku na cika yana janyewa sau biyu a yini, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, don haka kowace rana lokacin na jinkirta da kusan minti 50. Ya fi cika ya fi janyewa a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, lissafin da kai ka riga ka iya. Tambayi masunci ko mai rumfa yaushe ruwa ke janyewa, ku fita a lokacin: yakan bar jiƙaƙƙen yashi mai tauri, wanda ƙafa ba ta nutsewa. Busasshen yashi na sama gajiyarsa ta ninka ta hanya sau biyu ko fiye, tsoho ko mai ciwon gwiwa minti goma ya ishe shi. Saboda gangara, ƙafa ɗaya kullum tana ƙasa da ɗaya, shi ya sa ake tafiya minti 20 a juyo ta hanya guda, kowace ƙafa ta karɓi rabonta. Ka lura da wata alama inda kuka fara, domin bishiyar kwakwa duk kamarsu ɗaya. Silifa a hannu, ana sawa in an zo inda akwai fasassun kwalabe ko ƙugiyar masunta. Kada a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin kwakwa mai ƴaƴa. Wani abu mai kamar leda shuɗiya ko fara da ruwa ya watso, kada yaro ya taɓa, harbi yake ko ya mutu. In ya taɓa, a wanke da ruwan teku, ba na gora ba, kada a murza.

Salla ba ta da wuya. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, hadisi ya zo a kan haka, amma a ɗebo a buta a hau tudu. Alƙibla: sa teku a hannun damanka, ka fuskanci gabas, ka ɗan karkata hagu. Masauki kuwa, unguwar Zongo a Kwatano akwai babban masallaci, Hausa ake ji ko'ina, abincin da yara suka saba na nan, naman ma ba ka da shakka a kansa. A rumfunan bakin teku ku tsaya kan gasasshen kifi, a gasa a gabanka. A yi ciniki kafin a zauna, na kujera daban na kifi daban, in ba haka ba lissafin ƙarshe zai ɓata maka rai. Kuɗi sefa ne a ƙasashen biyu, ka riƙe canji, dala ashirin-ashirin da dala ɗari-ɗari, don mai kwakwa da ɗan kabu-kabu, wanda can ake kira zemijan, mai rawayar riga, ba sa samun canjin jika goma. Da yara uku dai taksi za ka ɗauka, ba babur ba.

Hanya: Tawa, Konni, Dogon Dutsi, Doso, Gaya, sai ƙetare zuwa Malanbil, daga nan Kandi, Paraku, Dasa, Bohikon, Kwatano, sama da kilomita 700 a cikin Benin kaɗai. Da yara kwana biyu ne, a yada zango. Gadar Gaya an rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Benin ta buɗe nata gefen a Fabrairun 2024, Nijar ta bar nata a rufe, fasinjoji suka koma ƙetarewa da kwalekwale. Ka je tasha a satin tafiyar ka ji halin da ake ciki daga bakin direbobin da suka dawo, kuma arewacin Benin a bi shi da rana. Mai hali ya hau jirgi daga Yamai zuwa Lome ya huta. Takardu: katin ɗan ƙasa ko fasfo, takardun haihuwar yara, da katin rigakafin shawara na kowa, wanda allurarsa sai ta kwana 10 kafin a karɓe shi. Ku tafi da gidan sauro, can sauro ba shi da rani.

Waya ta zauna cikin leda mai zif. Lita ɗaya ta ruwan teku gishirin da ke cikinta ya kai giram 35, ɗigo kaɗan a ramin caji ya isa ya ci ƙarfen cikin kwanaki, kuma in ta jiƙe kada a sa ta caji sai ta bushe sarai. Kuna komawa masauki a ɗauraye yara da ruwan famfo, har tsakanin cinya da hammata inda yashi da gishiri ke sa gogewa, a ɗauraye takalma, agogo da zif ɗin jaka, in ba haka ba kafin ku iso Doso sun fara tsatsa.